Zazzaɓin Da Muka Ɓoye Wa Baba

Ni na koya masa ƙaryar da bakina, ranar Asabar da hantsi, muna tsaye a ƙasan benen da yayana Dogara yake haya a unguwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou.

"Idan Baba ya ce maka ya jiki, me za ka ce?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"A'a, Malam Tafinta. Da sauƙi amsar marar lafiya ce. Cewa za ka yi, lafiyata ƙalau, Baba."

Sharfaddeen ya dube ni da idanun nan nasa da shawara ta rina, sannan ya sunkuya ya dubi cikinsa da ruwa ya kumbura.

"Mas'uda, da wannan cikin zan ce ƙalau?"

"Shi ya sa na ce ka sa babbar riga. Rabin alhazan Kwari tumbinsu ya fi naka, wa ya taɓa kai su asibiti?"

Ya yi dariya har da dafa bango. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Karatu ne ya kawo Sharfaddeen ƙasar Sin. Da ya gama sai ya zauna a Guangzhou yana yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, a nan muka haɗu, yana yi mini cinikin jakunkunan mata. Ciwon hanta kuwa tun yana yaro yake tare da shi bai sani ba, sai da hantar ta ƙandare. Wata bakwai ke nan sunansa yana cikin jerin masu jiran a dasa musu wata. A ƙugunsa akwai feja, 'yar na'urar nan mai ƙara, wadda asibiti za su kira shi da ita duk ranar da aka samu.

Ina zaune a gefe ranar da likitarsa, Dakta Liang, ta kafa masa sharuɗɗa. Ban da gishiri. Ban da kowane magani in ba ita ta rubuta ba. Sannan ta buga tebur da biro ta ce, ko zazzaɓi ko ciwon ciki, a zo a ranar, ba washegari ba. Ruwan da ke taruwa a cikin mai irin ciwonsa yana saurin kamuwa da ƙwayar cuta, kuma ba a dasa sabuwar hanta a jikin da cuta ke ci. Ni ce ma na rubuta maganar a bayan wata takardar odar takalma don kada ya manta.

To, duk da wannan sanin na yi abin da na yi.

Shekarata ashirin da takwas a lokacin, kuma na riga na binne miji ɗaya. Bayan na fita takaba Yaya Dogara ya ɗauko ni in riƙa zaɓar masa kayan mata, don shi ko baƙi da shuɗi bai cika bambantawa ba. Bazawara ce ni, ba mai yi mini dole. Amma ban iya aure mahaifina yana fushi ba, kuma shi Baban, Alhaji Maidaji, ya riga ya faɗa ta waya tun daga Kano:

"Ba zan ɗauke ki da hannuna in kai ki takaba ta biyu ba."

Sannan ga Waris, mutumin Kumasi mai ofishin tura kaya a ginin kasuwar Tianxiu, wanda duk kwantenar Baba ta hannunsa take bi. Ƙato ne lafiyayye, ko mura ban taɓa ganin ya yi ba. Sau biyu yana aika wa Baba maganata. Ba mugu ba ne, ni dai ba na son sa, shi ke nan.

Baba ya zo baje kolin watan Oktoba, zai koma ranar Juma'a. Kwana shida nake da su in juya masa ra'ayi.

Ranar Asabar ɗin da muka hau sama, Sharfaddeen ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa nesa da kujerar Baba, kansa a ƙasa. Ni ina bayan labulen kicin, ina leƙe ta gefe.

"Malam Sharfaddeen, ya jikin?"

"Lafiyata ƙalau, Baba."

"Ƙalau?"

"Ƙalau, Baba."

Baba ya daɗe yana kallon sa. Can ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo wata 'yar jarka da aka ɗaure bakinta da leda da kyauro.

"Na ji an ce yanka ka za su yi su sa maka hantar wani. Mu dai a gida ba a kai mutum ga wuƙa a kan shawara. Wannan jiƙo ne, daga Kurmi na karɓo, a wurin mutumin da ya tashi Shitu ɗan ƙanwata. Tun daga Kano yake jiƙe, yanzu ya yi ƙarfi. Dogara, kawo kofi."

Na ƙura wa jarkar ido. Kwana biyar ruwan nan yana cikin jarka, daga jirgi zuwa jirgi.

Da abinci ne, da kunyar surukuta ta cece shi, ba wanda zai ga laifin saurayin da ya ƙi ci a gaban uban yarinya. Amma magani ne, dattijo ya ɗauko shi tun daga gida, ya zuba da hannunsa ya miƙo. In ya ce likita ta hana, ya nuna Baba bai san abin da yake yi ba, ya kuma amsa da bakinsa cewa ciwon ya kai inda Baba yake tsoro.

Ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya kai baki ya ɗan juyo ya dubi labulen da nake.

Na gyaɗa masa kai.

Ya shanye tas.

"Madalla," in ji Baba. "Tafi da jarkar, safe da yamma. Kuma daga gobe kai za ka riƙa zagayawa da ni wurin baje koli. In ga Sinancin, in ga kuma ƙarfin ƙafar."

Na koma cikin kicin ina rawa ba kiɗa. Abin da nake gani kawai shi ne Baba ya ce madalla.

Ranar Litinin da azahar Sharfaddeen ya same ni a shagonmu na Tianxiu ina jera samfurin takalma. Ana zafi, amma haƙoransa suna haɗuwa.

"Mas'uda, zazzaɓi nake ji tun asuba. Cikin ma in na taɓa yana ciwo. Zan wuce asibiti, ki ba Baba haƙuri."

"In ka je kwantar da kai za su yi."

"Na sani."

"To shi ke nan, ka gama da ni. Gobe Waris zai riƙe wa Baba jaka yana cewa, ai dama na faɗa."

"Dakta ta ce a ranar, Mas'uda. Ke kika rubuta."

Sai na fashe da kuka. Kukan gaske ne, amma ina yi ina sane da aikin da yake yi mini.

"Kwana huɗu kawai nake roƙo. Juma'a jirginsa zai tashi, daga filin jirgi ni da kaina zan raka ka asibiti. Wata bakwai fejar nan ba ta yi ƙara ba, sai a kwana huɗun nan za ta yi? In Baba ya tafi bai amince ba, ba zai sake zuwa ba sai baɗi. Ka san baɗi kana ina?"

Ban san na faɗi wannan ba sai da ta fita. Ya zauna a kan kwalin takalma.

"Ban sani ba," ya ce a hankali.

Na buɗe jakata na ɓallo masa farasitamol guda biyu, na miƙa masa ruwa.

"Zai sauke zafin. Ka riƙa sha kafin ku fita."

Ya dubi ƙwayoyin a tafin hannunsa.

"In wannan ne zai ba ni ke, kawo."

Haka ya yi Talata, ya yi Laraba, yana bin Baba rumfa rumfa cikin babbar riga, yana ce wa masu masana'anta lawban, wato maigida, yana sa su rage farashi. Jiƙon ma bai fasa ba, don kullum sai Baba ya tambaya ina jarka ta kai. Laraba da yamma Baba yana cin tuwo ya ce wa Yaya Dogara:

"Yaron nan yana da kai. Kuma bai taɓa cewa mu zauna mu huta ba."

Na ji kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Ban tambayi kaina yadda Sharfaddeen ya kwana ba.

Alhamis da safe na bi su wurin baje kolin don in duba leshi. Waris ma ya zo, wai zai auna kayan Baba. Muna gaban wata rumfa fejar ta fara ƙara.

Sharfaddeen ya ciro ta ya duba lambar. Ya ɗago ya dube mu.

"Asibiti ne."

Ya ari wayar mai rumfar, ya yi magana kaɗan da Sinanci, ya ajiye. Hawaye suna bin fuskarsa, yana murmushi.

"Baba, an samu. Sun ce in zo yanzu."

A tasi ina baya ina ta hamdala, ina kuma addu'ar kada ƙwayar da ya sha da safe ta sake shi kafin a shiga da shi. Har a lokacin, ɓoyewar nake roƙa.

Ba ta ɓoyu ba. Nas ta zare ma'aunin zafi daga hammatarsa ta ɗaga gira. Dakta Liang ta zo da sauri, ta ɗage babbar rigar ta danna cikinsa da yatsu, ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Aka kawo sirinji aka zuƙo ruwan cikin. Na sha ganin ana zuƙo shi, garau yake fitowa kamar shayi marar madara. Ranar kuwa ya fito kamar ruwan wankin shinkafa.

Aka fitar da mu baranda, ni da Baba da Yaya Dogara da Waris. Bayan kamar awa guda wata nas ta wuce, Yaya ya tare ta yana nuna cikinsa, yana kwatanta yanka da hannu.

"Meyo," ta ce, ta wuce.

Duk wanda ya yi sati a kasuwar Guangzhou ya san kalmar nan. Babu.

Dakta Liang ta fito da takarda a hannu. Da Turanci ta yi magana, Yaya Dogara yana mayar wa Baba da Hausa.

"Ruwan cikinsa ya kamu da cuta, ta fara shiga jini. Ba zan iya yi masa aiki a haka ba. Hanta ba ta jira, awowi kaɗan gare ta. Mun kira na bayansa a jerin masu jira."

Na zame na zauna a ƙasa.

"Mun fara yi masa allurar kashe ƙwayar cuta ta jijiya, za a yi kwana biyar ko fiye. Muna ƙara masa wani ruwa don mu kare ƙodarsa, domin fitsarinsa ya ragu. Jibi zan sake zuƙo ruwan in ga ko maganin yana ci." Ta ninke takardar. "Amma akwai wata magana. Ya ce tun Litinin yake zazzaɓi, ya ɓoye wa kowa, yana danne shi da ƙwaya. Ya ce kuma shi ya je kasuwa ya sayi wani jiƙo yana sha."

Yaya Dogara ya kai kan maganar jiƙon ya yi tuntuɓe. Baba ya ce, "Faɗa mini yadda ta faɗa." Ya faɗa. Na ga carbin hannun Baba ya tsaya.

"Gobe likitoci za mu zauna," in ji Dakta Liang. "Wanda aka dasa wa hanta zai sha magani har ƙarshen ransa, kuma ƙaramin zazzaɓi zai iya kashe shi in ya ɓoye. Mutumin da ya yi mana haka da gangan, shi kaɗai, abokan aikina za su ce a cire sunansa gaba ɗaya. Ba ni da abin da zan kare shi da shi."

Waris ya matso kusa da ni, ya rage murya. Hausarsa ta zango ba ta raba mace da namiji.

"Hajiya, ka yi haƙuri. Ka gani da idonka, mutumin ma bai damu da kansa ba. Tashi in kai ka gida."

Wallahi na so in tashi. In na yi shiru, Baba zai hau jirgi gobe yana ganina 'yarsa mai gaskiya da aka yaudara. Sharfaddeen ya riga ya ɗauke laifin ya ɗora wa kansa, kuma na san har ya mutu ba zai sauke ba.

"Dakta," na ce da Turanci. "Ba gaskiya ya faɗa miki ba."

Na juya na durƙusa a gaban Baba, don shi ya fi cancanta ya fara ji.

"Baba, ni ce. Ranar Litinin ya zo zai tafi asibiti, ni na hana shi. Na yi masa kuka, na ba shi ƙwaya daga jakata, na ce ya daure har ku tafi. Ranar da kuka ba shi jiƙo ya san an hana shi, ni ma na sani, ya dube ni na ce ya sha. Ko lafiyata ƙalau ɗin da ya ce muku, ni na koya masa a ƙasan bene."

"Mas'uda!" in ji Yaya Dogara.

"Bar ta," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Don me?"

"Don ku ce kun ba shi."

"Na ce miki ina gudar miki takaba, sai kika je kina ɗinka ta da hannunki?"

"Na yi kuskure, Baba. Ina son sa ne, tsoro ya rufe mini ido. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama, ku tafi da ni gobe in kuna so, ba zan ce uffan ba. Amma kada a cire sunansa saboda ni."

Na maimaita wa Dakta Liang komai da Turanci, ina yi ina shessheƙa. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai Baba ya miƙe tsaye.

"Dogara, gaya mata jiƙon ba a kasuwa ya saya ba. Ni na kawo shi daga ƙasarmu, ni na zuba masa da hannuna. A wurinmu yaro ba ya mayar da hannun uban matar da yake nema. Tambaye ta, shi ne ya jawo wannan?"

Dakta Liang ta dubi Baba ta ɗan sassauta fuska.

"Ban sani ba. Wannan cutar tana zuwa ko mutum bai sha komai ba. Ba zan ɗora wa jiƙon abin da ban tabbatar ba." Sannan ta juyo gare ni. "Kwana ukun ne na tabbatar. Da ya zo Litinin, yau yana da kwana uku a kan allura. Watakila da ruwan ya washe, watakila da yanzu yana ɗakin tiyata."

Ba ta zage ni ba. Na gwammace ta mare ni.

"Zan faɗa musu abin da kuka faɗa," ta ce. "Ina jin za su bar sunansa, a dakatar har cutar ta fita. In ƙodar ta riƙe." Ta ciro fejar daga aljihun farar rigarta ta miƙo mini. "Riƙe masa. Ki kuma sani, dafin da hanta ta kasa tacewa ya fara hawa kansa. Zai iya rikicewa, kada ku tsorata."

Waris ya yi sallama ya tafi, ban ma ga fitarsa ba. Baba ya yi la'asar a ƙarshen barandar a kan kwali. Da ya sallame ya daɗe hannunsa a sama. Sannan ya ce wa Yaya Dogara:

"Je ka ɗaga tikitina. Ba inda za ni gobe."

Ya nufi ɗakin da aka kwantar da Sharfaddeen, na bi bayansa.

An cire masa babbar rigar, an sa masa ta asibiti, cikin ya fito fili. Robar ƙarin ruwa biyu suna rataye a kansa. Hannayensa suna karkarwa a kan zanin gado kamar mai kaɗe gari. Baba ya ja kujera ya zauna daf da shi, abin da suruki ba ya yi.

"Malam Sharfaddeen. Ni ne, Maidaji."

Idanunsa suka buɗe, suka yi yawo kafin su tsaya.

"Na cuce ka ban sani ba, ka rufa mini asiri a gaban baƙi. Ka yafe mini. Maganar Mas'uda kuma, na ba ka. Ko Allah Ya tashe ka, ko Ya yi wani ikon, na ba ka. Ka ji?"

Wannan ita ce kalmar da na sayar da hantarsa don in ji. Ga ta ta zo, na tsaya riƙe da feja ina jin kamar in nutse cikin ƙasa.

Sharfaddeen ya fara kiciniyar saukowa daga gado, yana neman ya durƙusa, robar hannunsa tana ja. Baba ya riƙe kafaɗarsa.

"Kwanta, kwanta. Ya jikin?"

"Lafiyata ƙalau, Baba," ya ce da sauri. "Ƙalau. Na shanye, ban rage ba."

"Malam," na ce, na matso har gefen gadon. "Ga ni nan. Ka daina, Baba ya san komai."

Bai dube ni ba. Ya juya kansa ɗaya gefen, wajen labulen da ya raba gadonsa da na maƙwabcinsa, inda babu kowa. Ya yi wa labulen murmushi, ya rage murya yadda Baba ba zai ji ba.

"Mas'uda, na faɗa daidai?"